Ba a Raba 'Yan Biyu

Gayam, ranar Talata

Baban Biyu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aikin gadi, yaya kuma ƙafar nan taka? Tunda layin waya ya ɗauke mana, ga ni na koma biro da takarda kamar lokacin da kake nema na. Audi direba zai kawo maka.

Kada hankalinka ya tashi, amma 'yan biyunka ba lafiya. Sun je karyar masara a gonarmu ta bakin daji, ruwansu ya ƙare, suka sha na rafi. Zazzaɓi ya kwantar da su tare. Ka san halin Mama, mahaifiyarka. Ta sa aka sayo magani a kemis, ta raba daidai wa daida, yadda take raba musu nama tun suna rarrafe. In Gabriel ya haɗiyi ƙwaya sai Gloria ta haɗiya, da ruwan kofi ɗaya. Mutanen da suka kai shekara goma sha tara fa!

To, ciwon dai bai rabu daidai ba. Gloria jikinta ya yi zafi rau, gaɓoɓinta na ciwo, barci ya gagare ta. Ko kwano ne ya faɗi sai ta zabura, kamar lokacin da muka gudu daji saboda 'yan bindiga. Gabriel kuwa ya miƙe, har yana fita ɗaure awaki. Ba ya cin abin kirki, tafiyarsa ma a ɗan sunkuye, amma in na tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Mama ta ce tunda shi ya warke ita ma tana hanya, ai jininsu ɗaya, wai sauran duk rakin mata ne. Raki! Ni da na haifi biyu rana ɗaya ake wa maganar raki.

Na ce zan kai Gloria asibiti a Birnin Gwari. Mahaifiyarka ta ce sam, ba a raba 'yan biyu, in an ɗauki ɗaya an bar ɗaya, wanda aka bari zai yi fushi ya koma inda ya fito. Gabriel kuma ya ce shi ba mai raba shi da masararsa. Na gaya musu ko a ɗaure ne gobe za mu tafi dukanmu, don tsoro nake ji, Japheth. Yarinyar nan ramewa take a gabana.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Helen

Asibiti, Birnin Gwari, ranar Alhamis

Baban Biyu,

Ina gaishe ka, ina fatan ka tashi lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta, kuma ka karanta har ƙarshe, don labarin bai ƙare da sharri ba.

Mun iso. Likitar wata matashiya ce mai suna Sadiya. Ta duba Gloria, aka ɗebi jini, ta ce taifot ne, aka sa mata ƙarin ruwa. Ta ce yarinyar ta sha wuya amma za ta tashi. Na ɗauki jakata ke nan, sai Mama ta tare ƙofa da sandarta, wai ba a taɓa ɗaya a bar ɗaya, duk abin da aka yi wa Gloria sai an yi wa Gabriel. Kunya ta kama ni, ga layin mutane suna kallo. Shi kuma gogan naka yana jingine da bango yana cewa a ƙyale shi.

Likita ta yi dariya, ta ce ya hau gado don ran Kaka ya yi sanyi. Da ta danna cikinsa sai na ga dariyar ta ɗauke. Cikin ya yi tauri kamar katako, yaron ya cije leɓe har jini. Ashe ciwon ya ci hanjinsa har ya fara hudawa. Nan take suka shiga da shi tiyata. Ta gaya mini da mun bar shi a gida yana ɗaure awaki, da wani zancen ake yanzu.

An gama aikin, an ce an same shi a kan lokaci. Bai farfaɗo sosai ba tukuna. Ina ta kai da komowa tsakanin ɗakin maza da na mata, ƙafata ta rasa inda za ta tsaya. Ɗan da na yi ta wucewa ta gabansa ina kai wa 'yar'uwarsa kunu, shi ne ya fi kusa da kabari.

Ka roƙi maigidanka ya ba ka hutu. Mama na gaishe ka, ta ƙi cin komai.

Taka,
Helen

Asibiti, ranar Litinin

Baban Biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso ta hannun Audi, na ji daɗi da za ka zo Asabar. Ka biyo motar safe, ka ji?

Ka san ni ba na barin tambaya a ciki. Na tare Likita Sadiya na ce ta fahimtar da ni yadda ciki ɗaya, ruwa ɗaya, magani ɗaya, amma ɗaya na kuka ɗaya na shiru. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce in cuta ta shiga, jiki kan tayar da kumburi da zazzaɓi don ya yaƙe ta. Sannan akwai wani sinadari, kotisol, da ke fitowa daga saman ƙoda, shi ne wanda kan taso in mutum ya firgita, shi ke kuma tsawata wa kumburin kada ya wuce gona da iri. Ta ce a wasu gwaje-gwajen an ga jikin mace kan fi tayar da yaƙin da ƙarfi, sinadarin ma ya fi hawa, amma ba doka ba ce a kan kowa, har yanzu ana bincike. Abin da ta ce in riƙe shi ne, yawan kuka ba shi ke nuna wanda ciwo ya fi ci ba, kowa a duba shi da kansa. Ta ƙara da cewa rabin shirun Gabriel ba na jini ba ne, mu muka koya masa namiji ba ya cewa wayyo. Wannan kam da kai take, kai da mura ma ke kwantar da kai amma kake hana yaro kuka.

Mama yanzu ba ta shiga ba ta fita sai ta gaya wa masu jinya cewa al'adarta ce ta ceci jikanta. Na so in tuna mata al'adar ce ta sa muka zauna jiran Gloria ta bi sahunsa, sai na haɗiye, don gaskiya da ba ta tare ƙofar nan ba da na rasa ɗa. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne ganin Gloria na cin tuwo shi kuwa sai kurɓar ruwa, ga magani kowa da nasa. Ta yi gunaguni, amma jiya da hannunta ta ba kowa nasa.

Gloria ta fara takawa, har ta je ɗakin maza ta zauna gefen Gabriel tana tsokanarsa wai wa ke da raki yanzu. Ɗazu da hantsi ina gyara masa zane sai ya riƙe hannuna ya ce, "Mama, cikina na ciwo sosai, kuma yunwa nake ji." Na ruga na kira nas, ta ce yunwar alama ce mai kyau, ta ba shi maganin ciwon. Na fita bayan ɗaki na yi kukana son raina. Japheth, tun ranar da aka haife shi ban ji daɗin kukan yaron nan kamar yau ba.

Kowa na gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Helen, Maman Biyu