Na Jera Su Yadda Ka Koya Mini

Gaya, ranar Asabar, kwana uku da fitata takaba

Zuwa ga giginyata mai tsayi, inuwata ta tsakar rani, ruwan randata mai sanyi. Zuwa ga mai hannun da ke sa ƙasa rawa, uban Jamila, maigidana, farin watan da ya faɗi tun dare bai raba ba.

Shekara tara ina ɗakinka, bakina bai taɓa kama sunanka ba saboda kunya. Yau alƙalami zai kama shi: Zakariya'u! Ka gani, na rubuta, kuma hannuna bai karye ba. Na san babu direban da zai kai maka wannan takarda. Ko gadar Malanbil ta kan iyaka da ke rufe ta fi hanyarka sauƙin ƙetarewa, don ita ana zagaye ta da kwale-kwale. Amma ina da labari mai daɗi, kuma in ban ba ka ba, wa zan ba? Jiya matarka ta yi abin da da kana nan sai ka tafa hannu ka ce, "'Yar Tunuga ta gama da ni!"

Ka tuna daminar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka? Bukukuwan Malanbil suka tsaya, na Kamba suka tsaya, orkes ɗinku, ƙungiyar kiɗanku, ya zauna ba aiki. Mutane na kukan tsadar shinkafa da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ni kuwa, Allah ya yafe mini, a ɓoye murna nake, don na samu mijina a gida da rana tsaka. A gindin mangwaron tsakar gida ka shimfiɗa tabarma. Ka jingine gitarka mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda kuke kira bas, ka zazzage ƙananan akwatunan ƙarfen nan biyar da ake takawa da ƙafa, fedal ɗinka. Tsohon allon da kake jera su ya rube, sai na kawo maka katako daga mataccen jirgin babana. Ka shinshina shi ka ce har yanzu yana warin kifi. Na ce to ka saba, ai kai ka auri 'yar masuntan Tunuga.

Ya hasken idona, a ranar ka buɗe mini makaranta, ni da na bar lakwal, makarantar boko, a aji huɗu. Ka ce sunayensu na Turawa za su karya mini harshe, sai ka raɗa musu na gida. Ka ce murya ta dama take shiga ta fita ta hagu, kamar karatun allo. Farin shi ne Mai Gaskiya, shi ke faɗa ko tsirkiya ta saki, kuma shi ne na farko, don ya ji ta tsirara tun kafin a yi mata ado. Shuɗin shi ne Mai Sulhu, yana danne mai tsawa ya ɗaga mai raɗa. Shi ba a kashe shi, don haka can baya yake zama inda ƙafa ba ta kaiwa. Sai Rijiya, mai ƙara wa murya zurfi, wadda ba ta shan gurɓataccen ruwa: in murya ta bi ta Barkono kafin ta iso gare ta, sai ta kama in'ina. Barkono kuwa, jan nan mai sa murya ta yi kaushi, a gaba yake, daidai babban yatsan ƙafarka ta dama. Gulbi na ƙarshe, mai amsa kuwwa, don komai a gulbi yake ƙarewa. Shi ba ya cin kwano ɗaya da sauran, wayar kuran ɗinsa daban take. Na ce ashe kai ma girki kake yi, ba a zuba yaji kafin ruwa ya tafasa. Ka yi dariya har rawaninka ya kwance.

Ka ɗaure su da tsagin robar shambur, ta cikin taya. Ka ari jan farcena ka ɗiga a jikin kowane maɓalli, daidai inda yake tsayawa. Sannan ka ce in ajiye ƙwaryar ruwa gaban bafil, babban akwatin lasifikar nan. Ka daki tsirkiya mai kauri, ruwan ya yi zobe-zobe kamar an jefa tsakuwa, na ji abin a ƙirjina tun kafin ya iso kunnena. Ka ce, "In ruwan ƙwaryarki ya yi zobe, to daidai ke nan." Wayyo masoyina! Da na san wasiyya kake ba ni, da na riƙe ƙafarka na hana rana faɗuwa.

Bayan yankan shinkafa ciwo ya kama ka. Kwana huɗu kacal. Ba zan rubuta wannan ba, kai ma ka sani.

Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya biyo baya. Ranar sadakar bakwai ƙannenka mata, Zeinabu a gabansu, suka shiga ɗakinka gyara. Don ƙauna suka yi, wallahi ban riƙe su a zuci ba. Suka kwance robobin, suka cire wayoyin suka naɗe su kamar zaren saƙa, suka goge akwatunan da toka da tsumma har suna ƙyalli. Ɗigon jan farcen nan duk suka kankare, sun ɗauka datti ne. Sannan suka jera su a kan kanta daga babba zuwa ƙarami, kamar kwanonin amarya. Ina zaune a kusurwa cikin mayafin takaba ina kallo.

Da maganar gado ta taso, Yaya Yakuba, wanka, ya kira Siddo mai gangar orkes ɗinku ya gwada kayan. Ka san Siddo yana ɗan taɓa bas, amma bai taɓa taka fedal ba. Ya haɗa su yadda ya same su a kan kanta. Abin da ya fito, kai! Kamar an taɓa gidan rina. Rijiya na in'ina, Barkono na kururuwa, Gulbi ko idon 'yar fitilarsa bai buɗe ba, don wayarsa tana cikin kwallata inda ka saba ajiye ta. Yaya Yakuba ya girgiza kai ya ce, "Kaya sun bi mai su. A raba, kowane magaji ya ɗauki ɗaya, mai so ya kai kasuwa." Ba mugunta ba ce, yana so ya sauke nauyin da ke wuyansa ne. Amma ni na ji kamar an ce za a sake ɗaukar makararka. A raba su? Ɗaya Kamba, ɗaya Doso, ɗaya a ƙasan gadon wata? To ina muryarka za ta zauna, ya zumar zuciyata? Wa zai nuna wa Jamila, in ta girma, yadda ubanta ke magana da hannu?

Ban iya ɗaga ido gaban Yaya ba, sai na aika Zeinabu ta roƙe shi ya jira in fita takaba, don kayan ba su mutu ba, jeri ne aka ɓata. Ta dawo tana dariya ta ce, "Ke 'yar masunta, abin da kika iya jerawa ai kifi ne a kan wuta!" Na ce, "Uwar ɗakina, ko kifin ma akwai wanda ake fara ɗorawa." Yaya ya yarda ya jira. Wata huɗu da kwana goma ina maimaita sunayen nan biyar a zuci bayan kowace salla, don kada ɗaya ya suɓuce mini.

Jiya Juma'a bayan la'asar aka taru a gindin mangwaronmu: Yaya Yakuba, malamin unguwa, Zeinabu, Siddo da bafil ɗinsa, da Inna, mahaifiyarka, a kan buzunta. Allah ya taimake ni akwai kuran. Na fito da katakon babana na durƙusa. Hannuna bai ɓata hanya ba. Mai Gaskiya a dama. Mai Sulhu a baya. Rijiya, sannan Barkono a gaba, sannan Gulbi da wayarsa shi kaɗai. Wayoyin kuran na bi da su ta ƙarƙashin katako don kada su gitta wa na murya, tunda ka ce gittawar ce ke kawo ƙugin rinar nan. Na ɗaure kowanne da roba na ja har sai da yatsuna suka yi fari. Idanu biyar suka buɗe, har da na Gulbi. Zeinabu ta daina taunar goro.

Siddo ya daki tsirkiya. Rinar nan ta tafi, murya ta fito wasai. Ya ce, "Madalla, matar abokina, ya gyaru!" Ni kuwa na san ba kai ba ne. Murya ce mai kyau, amma ta baƙo. Maɓallan nan duk an murɗe su, alamarka kuma ta tafi da toka. Ina zan sa su? Ban san lamba ko ɗaya ba. Sai na tashi na ɗebo ruwa a ƙwarya na ajiye gaban bafil. Na ce wa Siddo ya yi ta dukan mai kaurin nan kada ya tsaya. Na dafa ƙirjina da hagu, na kama maɓallin Rijiya da dama, ina murzawa a hankali kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa. Na koma kan Mai Sulhu, na dawo. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Can sai ruwan ya motsa. Zobe ɗaya, zobe biyu, sannan ƙwaryar duka ta kama rawa, abin ya dake ni a ƙirji daidai inda ka saba dukana. Kai ne, Zakariya'u! Kai ne ka shigo gida!

Ka san Inna ta daɗe da nauyin kunne, kuma ka san yadda take yi maka ba'a, wai duk 'ya'yan mutane na kiɗan da ake ji, nata ɗan ya zaɓi wanda ba a ji. To jiya sai na ga ta sa tafin hannunta a ƙasa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Wannan ai tafiyar Zakari ce. Haka nake jin ƙafarsa in ya shigo zaure." Ta juya ga Yaya ta ce, "Yakuba, ba za a tsaga mini ɗa gida biyar ba." Yaya ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Malam, jirgi dai ba a raba shi katako-katako." Malam ya ce in magada sun yarda a bar shi ɗungurungum, babu laifi. Kowa ya yarda, Zeinabu ce ma ta fara, tana kuka tana cewa in yafe mata tokar nan.

Ga yadda aka tsayar: allonka zai zauna a ɗakina har Jamila ta girma. Orkes na iya ara in an samu biki, amma ba mai kwance roba ko ɗaya, kuma ni zan duba shi in ya fita, in duba shi in ya dawo. Ni, Kadija, da ake cewa ko rediyo sai an kunna mini! Ka yi alfahari da ni, ya giginyata, don ni kam ina yi. Mata da yawa sun gaji gona, wasu sun gaji shanu. Wace ce a Gaya duka ta gaji abin da ke sa ruwa rawa?

Abu ɗaya nake roƙonka: in akwai ranar da na yi maka tsaki don ƙarar gwajinka ta hana ni barcin rana, ka yafe mini. Yau da zan samu wannan ƙarar, da na ba da barcin shekara.

Da safen nan na buɗe kwalbar jan farce, karo na farko tun tafiyarka. Zeinabu ta leƙo ta ce, "Kai, bazawara za ta fara ado!" Ban sa a farce ko ɗaya ba. Maɓallanka na bi ɗaya bayan ɗaya na mayar musu da ɗigonsu. A kan Barkono akwai wurin da yatsanka ya cinye fenti har ƙarfe ya fito. Toka ba ta iya goge wannan ba, ni ma ba zan rufe shi ba. A nan nake sa hannuna in kewa ta taso.

Zan naɗe takardar nan in sa ta a ƙarƙashin katakon, tare da wayoyin kuran, inda duk bugun da aka yi za ta ji shi. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa iyakar da ke tsakaninmu ta buɗe a kan alheri. Kafin nan, duk mai neman zuciyata zai tarar an riga an jera ta, kuma kai ne na farko daga dama.

Taka muddin gulbi na gudu, da bayan ya ƙafe,

Kadija 'yar Tunuga