Kibiyar da Na Saki a Dajin Barkiya

Daren Laraba, watan Safar

Yau wurin farauta na hangi gada cikin sabara, na saki kibiya mai dafi. Ashe ƙanena Audu ne duƙe yana cire ƙaya. A hannun rigarsa kibiyar ta maƙale. Da ta taɓa fata, da tuni mun binne shi, ni kuma ina gaban Nasara a Katsina ana yi mani shari'a.

Dariya ma ya yi, ya ce, "Yaya, wannan gadar uwarku ɗaya."

Ni na kasa dariya. Idona bai taɓa yi mani ƙarya ba sai yanzu da furfura ta cika gemu. Jibi za a sake buga gangar farauta. Ya Allah, ban iya zaman gida ba.