Dela Biyu a Fayil Ɗaya

Bagudo, Laraba

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya ciwon gwiwar nan? Ina fatan Baba da su Safina suna lafiya.

Inna, ki yi haƙuri, ba zan samu zuwa ranar Juma'a ba. Kwamfutar asibitinmu ta tsufa, an ce in kwashe bayanan masu awon ciki in mai da su ma'ajiyar intanet kafin ta mutu. Kamfanin ma'ajiyar ya aiko littafin bayani, shafi sittin, duk na masu kwamfuta mai tsarin Windows ne. Tamu Linux ke kanta, wani tsari ne daban. Layi ɗaya kacal suka rubuta kan irin tamu, wai matakan kusan ɗaya ne. Kwana huɗu ina lalube, idona har yaji yake. Jiya dai na gama.

Ɗiyarki,
Munawwara

Bagudo, Litinin

Innata,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ashe ban gama ba. Kwamfutarmu tana bambanta babban baƙi da ƙarami a rubutun suna, ma'ajiyar kamfanin ba ta yi, kuma littafin bai faɗa ba. Muna da Dela Hassan biyu, an rubuta ɗaya da ƙananan baƙaƙe. Da na kwashe, fayil ɗin mai lafiya ya hau kan na mai hawan jini ya shafe shi. Mai hawan jinin ta zo awo ranar Alhamis, kwamfuta ta nuna lafiyarta lau, aka sallame ta ba magani, don abin awon jininmu ya lalace. Jummai, ungozomarmu, ita ta tuna fuskarta bayan kwana biyu, ta ce ai wannan ce mai hawan jinin.

Matar tsallaken iyaka take, cikin Benin, ba ta da waya. Muka hau kabu-kabu ni da Jummai, muna tambaya ƙauye ƙauye. Mun iske ta tana daka, ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Tana asibiti yanzu, jinin ya sauka.

Na rubuta wa kamfanin. Sun gode, sun ce za su duba.

Ba wanda ya ga laifina, Inna, amma hannuna ne ya danna. Yanzu ina bin fayil dubu uku ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa da tsofaffin katuna. Dela biyu na gano. Masu suna Rahmatu kuwa, ban san ko su nawa ba ne.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Munawwara