Sunan Mushe Babu a Tarihin Jam'iyyarmu

Zuwa ga Shugaban jam'iyyarmu da 'yan biro, wato kwamitin gudanarwa na ƙasa, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan aiki da iyali lafiya. Ni ce matar wanda kowa ke kira Mushe, laƙabin malamai daga Faransanci, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, na unguwar Zango a nan Damagaram, ni kuma ungozomar asibiti ce da ta ajiye aiki. Littafin tarihin jam'iyya da kuka buga ya iso mana, mun gode. Sai dai ina da magana.

Na farko. Kun rubuta cewa a wani otel na Yamai aka kafa jam'iyya. Ranka ya daɗe, lokacin kana ɗan lakwal, ni kuwa ina wurin. A zaurenmu aka yi, kan bencin aro. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da tela guda da masu ƙananan shaguna, mutanen da ba su talauce har a tausaya musu ba, ba su kuma yi arzikin da za a nemi shawararsu ba. Ba mu taɓa cin kujerar da ta wuce ta konseye, wato kansila, ba, amma muna son abarmu.

Na biyu, shi ne ya fi ci mini rai. Mushe ya rubuta dokokin jam'iyya da hannunsa, shi ya bi Dakusa da Takieta kan tsohon babur yana yi wa mutane bayani. Ko a shafi ɗaya babu sunansa.

Yanzu idanunsa sun tafi. Ya miƙo mini littafin in karanta masa, na dubi fuskarsa, na kasa faɗin gaskiya. Sai na riƙa saka sunansa duk inda ya dace. Kun san mu ba ma kiran sunan miji. Tun aurenmu ban taɓa furta shi ba, ranar kuwa sau uku ya fito daga bakina. Ya yi murmushi, ya ce ashe yaran nan ba su manta ba.

'Yarmu tana zuwa da sallah, kuma ya ce ita ma sai ta karanta masa, wai Faransancinta ya fi nawa. Ita abin da ke rubuce take karantawa.

Roƙona: ku gyara littafin. In ya yi muku nauyi, ku aiko takarda guda mai hatimin jam'iyya da sunansa a ciki, kafin sallah. Ba na so tsohon nan ya gane cewa a duk jam'iyya matarsa kaɗai ta tuna da shi.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku masu tunawa da ku.

Wassalam.
Matar Mushe, Zango.