Na Rufe Ƙofar Da Nake Shiga, Na Ɗora Wa Kwamfuta Laifi

Malama Ummulkhairi, don Allah ki taimake ni kafin Talata.

Ni 'yar Bakura ce, aure ya kawo ni Maradun. Bayan rasuwar Baffa na kwashe karatunsa na shekara sha ɗaya daga kaset, na zuba a wata ƙaramar kwamfuta da ke zauren gidanmu a Bakura, ɗalibansa suna saurare ta waya. Kaset ɗin duk sun lalace, kuma ban ajiye kwafi ba. Daga nan nake kula da ita, da datar wayata da modem ɗin da na bari can.

Makon jiya na ga data tana zurarewa, sai na shiga ina kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye ba amfani. Hannuna ya yi sauri, na haɗa da wadda ke buɗe mini hanyar shiga da wadda ke kai wa ɗalibai karatun. Komai ya yi tsit.

Yaya Muttaka ya kira, mutum ne mai zafi, bakina ya suɓuce na ce kwamfutar ce ta tsufa. Yanzu ya ce ranar Talata, ranar kasuwa, zai kai ta Mafara wurin mai gyara, wanda na san aikinsa: ya goge komai ya zuba sabo. Ni kuma jego nake, kwana goma sha biyu, surukata ko ƙofar gida ba za ta bar ni ba. Tsoro nake ji, kunya nake ji, abinci ma ba ya shiga.

Mai jego, Maradun

Mai jego, barka da sauka lafiya.

Ki kwantar da hankali, karatun yana nan. Kin kulle kanki a waje ne kawai. Rage abin da ba a buƙata daidai ne. Kuskurenki yin sa a dunƙule, daga nesa, ba kowa a gefen na'urar.

Yayanki kuwa ba shi da laifi, maganarki ya ɗauka. Ki kira shi yau, ki ce ke ce, kada ki yi kwana-kwana. Ya haɗa wa kwamfutar allo da kibod, ki karanto masa abin da zai rubuta harafi-harafi, ƙofarki ta buɗe. A ranar ki kwafe karatun wuri biyu. Nan gaba ki riƙa kashewa ɗaya-ɗaya, kina gwada shiga bayan kowace.

Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. Faɗan zai wuce kafin ki yi arba'in, amma in mai gyara ya danna, ba wanda zai sake jin muryar Baffa. Ajiye jaridar nan ki ɗauki waya.

Allah ya raya jariri, ya jiƙan Malam.