Matakalar da Baba Ya Rantse a Kai

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau. Auta ya fara koyon ɗinki, ya riga ya lalata mini zane ɗaya.

Yaya, ka tambaye ni gaskiyar jikin Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ciwon ne ya fi ba ni tsoro ba, zuciyarsa ce. Ka san kunyarsa. Ya ƙi yarda ni 'yarsa in yi masa wanka, Auta kuma ba ya iya ɗaga shi. Bayansa ya fara gyambo, ya juya fuska bango ya daina cin abinci. Ya ce mini maginin da ba ya iya riƙe cokali ya gama amfani. Na tabbata mutuwa yake kira.

Wata safiya na ji sallama, na fito na ga Kafinta da tawul a kafaɗa, Direba, shi ma ɗan ikilisiyarmu, na biye da bokiti. Ka dai tuna Kafinta, wanda Baba ya yi rigima da shi lokacin da dattawan ikilisiya suka ba wani maginin aikin matakalar majami'a, har Baba ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka matakalar nan ba. Shekara da shekaru ya riƙe rantsuwarsa. Suna shiga ya hau su da faɗa. Kafinta ya ce masa ya ci gaba da zagin, ruwan dai yana hucewa. Suka rufe ƙofa. Da suka buɗe, ga Baba an yi masa aski, yana ƙamshin sabulu, yana hararar kowa. Ranar ya sha kunu.

Tun daga nan mazan ikilisiya suke zuwa bi da bi kafin su tafi aiki, matansu kuma suna kwashe zannuwan gado su dawo da su a goge. Fasto ma ya yi nasa zuwan, ya naɗe hannun riga ya zubar da fo ɗin bayan gidan Baba. Babu wanda ya yi masa wa'azi, babu wanda ya tambaye shi yaushe zai dawo majami'a.

Ranar Lahadin da ta wuce Baba ya sa in tura shi a keken guragu mu zaga ta wajen majami'a, wai iska kawai zai sha. Yaya, muna isa na tsaya cak. Babu matakala. Sun fasa ta gaba ɗaya, sun zuba gangare mai sauƙi har bakin ƙofa. Kafinta yana tsaye yana sosa ƙeya, ya ce ai gwiwarsa ce ta fara damunsa, shi ya sa. Ban taɓa ganin mutane sun rushe abin da suka gina don taurin kan tsoho ɗaya ba, kuma ban san ana iya ƙauna haka ba.

Baba ya daɗe yana kallon gangaren. Can ya ce yashin ya yi yawa a sumuntin, ba za a kai damina biyu ba sai ya tsage. Hawaye na zuba a ɓarin fuskar da ba ya motsi. Sai ya ce me nake jira, in tura shi ciki, an fara waƙa.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Gwaggo da Auta suna gaishe ka. Baba ya ce in za ka zo ka taho masa da sabon cokalin gini, zai nuna musu yadda ake kwaɓi.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.