Mikiya Mai Ƙafa Ɗaya

Nowra, 3 ga Maris

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwarka? An gama tsinkar inabi?

Yau kwanana goma sha tara a sansanin jiragen sojan ruwa, kuma ina jin daɗin wurin. Ni ce ƙaramar injiniya a rukunin da zai bi helikwafta ɗaya zuwa teku ranar 24 ga wata. A al'adarsu, jirgin da zai fita ana yi masa zane, in ya dawo a shafe. Cif Braddock, shugaban makanikai, shekararsa ashirin da shida a aikin, shi ya zana mikiya a wutsiyar namu. Sati uku ya yi yana yi a lokacin hutunsa. Baba, kai ka ce za ta tashi!

Sai dai jiya na ɗauki tef na auna. Ƙafarta ta hagu ta hau kan ƙusoshi takwas da littafi ya ce a riƙa duba su da ido saboda tsagewa, fenti mai kauri kuwa yana ɓoye tsagewa. Santimita goma sha ɗaya ne. Sau huɗu na auna. Ba wanda ya lura, kuma sa hannuna ake jira. In na yi magana, da waɗannan mutane zan yi wata biyar a teku.

'Yarka,
Nerida

Nowra, 9 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka ƙwarai. Na ji daɗi da ka ce kumburin ya sauka.

Na faɗa masa. Na bari sai da rumfar jirage ta rage mutane, amma Tavita, wani makanike mai bakin tsiya, yana ƙarƙashin jirgin ban sani ba. Na ce, "Cif, ƙafar mikiya tana kan ƙusoshin dubawa." Ya ce, "Ranki ya daɗe, tun kina rarrafe nake zane a wurin nan." Gaskiyarsa ne, amma a tsohon samfurin jirgi, inda ƙusoshin suke can sama. Na buɗe masa shafin. Ya daɗe yana karantawa, sannan ya miƙo mini littafin ya fita.

Sai ga kan Tavita ya leƙo. "Kwana nawa da zuwanki, har kin yanke wa tsuntsuwar Cif ƙafa?"

Ranar Litinin za a kankare fentin. A wurin shan shayi ba wanda ya ce mini komai, amma kuma ba wanda ya matso mini da faranti.

'Yarka,
Nerida

Nowra, 23 ga Maris

Baba,

Gaisuwa da kewa. Ka gaida mini Inna Roz, ka ce kek ɗin ya iso lafiya.

An kankare. Cif da kansa ya yi, bai bar kowa ya taɓa ba. Muka haska fitila, muka bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ba tsagewa ko kaɗan. Kada ka yi mini dariya, amma har na so a sami wata 'yar ƙarama, don kada a ce na ɓata zane a banza. Na ji kunyar wannan tunani.

Na ce, "Cif, ka yi haƙuri, ashe lafiya lau ne." Ya ce, "Haƙurin me? Da zato nake yi, yanzu na gani da idona. Ni ma a cikinsa zan zauna."

Bai sake zana ƙafar ba, ya ce babu wuri. Mikiyarmu za ta tafi teku da ƙafa ɗaya. Tavita yana ta gaya wa 'yan sauran rukunoni wai kifi ne ya cinye ɗayar, su kuma suna zuwa ɗaukar hoto.

Saura sunan da ake rubutawa a hancin jirgin. Da safen nan ina cike takardu, na ji Cif yana ƙwala kira daga kan tsani, buroshi a hannu, kowa yana ji: "Ina injiniyarmu? Ta zo da tef ɗinta, ni ba na ɗiga komai sai ta auna!"

Na je na auna. Sau biyu kawai.

Gobe ƙarfe tara za mu tashi. Ka riƙa shan maganinka.

'Yarka mai ƙaunarka,
Nerida